Yadda Masu Hawa Dutse da Rediyo Ke Yin Eriya Marar Nauyi

 

Da yawa daga cikinmu akwai rediyo a gidajenmu. Idan kuka duba fuskar rediyo mai gajeren zango za ku ga lambobi a jere: mita 16, mita 19, mita 25, mita 31, mita 41, mita 49. A kan irin waɗannan mitoci iyayenmu da kakanninmu suka saba kama tashoshin ƙetare, kamar sashen Hausa na BBC da ya fara aiki tun 1957. Kuma idan murya ta yi rauni, mun san dabarar da ake yi. Sai a ɗaura 'yar waya a jikin eriya, a rataya ta a ƙusa ko a reshen bishiya, nan da nan murya ta fito. To mitar mece ce ake nufi? Kuma me ya sa 'yar waya kawai take gyara magana?

Amsar tana wurin wasu mutane da suke hawa dogayen duwatsu da rediyo a bayansu. Su ne suka fi kowa damuwa da wannan tambaya, domin duk abin da za su yi aiki da shi sai sun ɗauke shi da ƙarfinsu har ƙololuwa.

SU WANE NE WAƊANNAN MUTANE?

Ana kiransu 'yan rediyon sha'awa. Rediyonsu ya bambanta da namu na gida, domin yana karɓar magana kuma yana aikawa. Ba aikin albashi suke yi ba, kuma doka ta hana su yin kasuwanci da shi. A cikinsu akwai malamai, manoma, likitoci, tsofaffi da suka yi ritaya, har da yara sa'anninmu. Kafin mutum ya fara aika magana sai ya yi jarrabawa, hukumar ƙasarsa ta ba shi lasisi da lambar kira tasa shi kaɗai. Farkon lambar yana nuna ƙasar mutum. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Gana da 9G, ta Ingila kuma da G ko M ko 2E. Suna da ƙungiya ta duniya da aka kafa a birnin Paris ranar 18 ga Afrilu, 1925, shi ya sa suke bikin ranarsu a wannan rana kowace shekara.

WASAN HAWA DUTSE

A watan Maris na 2002 aka fara wani shiri a Ingila da Wales mai suna Summits on the Air, ana taƙaita shi SOTA. Ma'anarsa ita ce a sa ƙololuwar duwatsu su yi magana ta rediyo. John Linford mai lambar kira G3WGV da Richard Newstead mai lamba G3CWI su ne suka tsara shi. Daga baya ya bazu zuwa sauran Turai, Amurka, Japan, Ostareliya, Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe masu yawa.

Ga ƙa'idojinsa a taƙaice. Kowane dutse da ke cikin shirin yana da lamba da maki, daga 1 zuwa 10, gwargwadon tsayinsa. Misali Ben Nevis, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Birtaniya da mita 1,345, lambarsa GM/WS-001, makinsa 10. Mai hawa dole ne ya ƙarasa saman da ƙarfin jikinsa, ba a mota ko babur ba. Dole ya tsaya a wurin da bai fi mita 25 ƙasa da ƙololuwa ba. Ba a yarda ya kunna janareta ba, sai batir ko hasken rana. Sannan sai ya yi magana da tashoshi huɗu daban-daban kafin ya samu makin dutsen, kuma sau ɗaya kawai a shekara dutse ɗaya zai ba shi maki.

Waɗanda suke zaune a gida suna amsa kiran su ma suna samun maki. Mai hawa da ya tara maki 1,000 ana ba shi lambar yabo da ake kira Akuyar Dutse. Na gida kuwa idan ya tara 1,000, tasa lambar tana ɗauke da sunan wata dabba ta dazukan Kudancin Amurka wadda ta shahara da nawa da son barci. Kun ga su ma suna da barkwanci.

ME YA SA SAI KAN DUTSE?

Dalili na farko shi ne duniya a zagaye take. Wasu igiyoyin rediyo, irin na tashoshin FM, suna tafiya ne a miƙe kamar hasken tocila, ba sa bin lanƙwasar ƙasa sosai. Saboda haka iyakarsu ba ta wuce iyakar hangen ido da yawa. Akwai lissafi mai sauƙi na gano wannan iyaka. A nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da tsayin wurin a mita, wato abin da muke kira sukwaya rut a aji, sai a ninka ta da 4.1. Amsar ita ce nisan a kilomita. Wanda ya riƙe eriya a tsayin mita 2 a fili, iyakarsa kusan kilomita 6 ce. Wanda ke kan Ben Nevis kuwa, sukwaya rut na 1,345 kusan 36.7 ne, idan aka ninka da 4.1 ya zama kusan kilomita 150. Rediyo ɗaya ne, batir ɗaya ne, tsayi ne kawai ya canza. Idan kuma wanda ake magana da shi yana kan wani dutsen, sai a haɗa nisan biyu.

Dalili na biyu shi ne shiru. A cikin gari, cajar waya, fitilu, talabijin da wayoyin lantarki duk suna fitar da ƙara wadda kunne ba ya ji amma rediyo yana ɗauka. Ita ce "shuuu" ɗin da ke rufe murya mai rauni. A saman dutse babu waɗannan abubuwa, don haka ana jin tashar da ba za a taɓa ji a gida ba.

MATSALAR ITA CE NAUYI

Babban rediyon da 'yan sha'awa ke ajiyewa a gida yana fitar da ƙarfin wat 100, kuma lokacin aika magana yana jan wuta kusan amfiya 20. Wannan sai babban batir, kuma batirin mota ya fi kilo 10. Wa zai hau dutse na awa uku ko huɗu da shi a baya? Ga ruwan sha, ga abinci, ga rigar sanyi da ta ruwa, domin duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi.

Shi ya sa yawancin masu hawa suke ɗaukar ƙaramin rediyo mai wat 5 ko 10. Wanda ya shahara a wurinsu shekaru da dama shi ne Yaesu FT-817 na ƙasar Japan, mai wat 5, nauyinsa kilo 1 da 'yan kai. Wat 5 daidai yake da ƙaramin ƙwan fitila mai cin wuta kaɗan.

Za ku ce ai an yi asara mai yawa, daga 100 zuwa 5. Asarar ba ta kai yadda ake zato ba. A jikin rediyon mai sauraro akwai ma'aunin ƙarfin murya mai matakai 9. Kafin allurar ta hau mataki ɗaya sai mai aikawa ya ninka ƙarfinsa sau 4. Daga wat 5 zuwa 20 mataki ɗaya ne, daga 20 zuwa 80 wani matakin. Ke nan wat 100 ya fi wat 5 da matakai biyu da ɗan ɗoriya kawai. Amma eriya marar kyau tana iya cinye abin da ya fi haka. Wanda ke da wat 5 kacal ba shi da rarar da zai zubar, dole kusan duka su fita ta eriya. Wannan shi ne abin da duk masu wannan wasa suka yarda da shi: a rage nauyin komai, amma kada a rage wa eriya tsawon da take buƙata.

TO MITAR MECE CE?

Ku tuna lokacin da kuka jefa tsakuwa a kududdufi. Ruwa yakan yi da'ira-da'ira yana bazuwa, tudu da kwari, tudu da kwari. Nisan da ke tsakanin tudu ɗaya da na gaba shi ne tsawon igiyar. Haka igiyar rediyo take, sai dai ba a ganinta, kuma tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daidai da gudun haske. Wani masani ɗan Jamus, Heinrich Hertz, shi ne ya fara nuna cewa akwai ta, a gwaje-gwajen da ya yi a 1887 da 1888. Daga sunansa aka samo ma'aunin haz. Megahaz 1 yana nufin igiyar tana kaɗawa sau miliyan ɗaya a daƙiƙa.

Idan kuna son sanin tsawon igiya a mita, ku raba 300 da yawan megahaz. Tashar FM da ke kan 100 tsawon igiyarta mita 3 ne. Megahaz 7 yana ba da kusan mita 43, ana kiransa zangon mita 40. Megahaz 14 yana ba da kusan mita 21, ana kiransa zangon mita 20. Megahaz 145 yana ba da kusan mita 2. Kun ga ke nan "mita 19" da ke fuskar rediyon baba ba wani suna ba ne kawai. Tsawo ne na gaske da za a iya aunawa a filin makaranta.

LISSAFIN YANKA WAYA

Waya tana aika igiyar rediyo da kyau idan tsawonta ya dace da igiyar. Kamar lilo ne. Idan kana tura shi daidai lokacin da ya dawo, da ɗan ƙarfi kaɗan zai yi sama. Idan kana turawa barkatai, sai ka gaji a banza. Tsawon da ya fi sauƙin aiki shi ne rabin tsawon igiyar. Ana raba wayar biyu daidai, a haɗa kebul ɗin da ya fito daga rediyo a tsakiya, hannu ɗaya dama, ɗaya hagu. Wannan ita ce eriya mai hannu biyu.

Rabin 300 shi ne 150, amma a aikace waya takan buƙaci ta gaza haka da kusan kashi 5 cikin 100. Saboda haka lambar da suke amfani da ita ita ce 143. A raba 143 da megahaz:

Megahaz 14.2 yana ba da kusan mita 10, wato mita 5 kowane hannu.
Megahaz 10.1 yana ba da kusan mita 14, wato mita 7 kowane hannu.
Megahaz 7.1 yana ba da kusan mita 20, wato mita 10 kowane hannu.
Megahaz 145 yana ba da kusan mita 1, wato santimita 49 kowane hannu.

Idan tsawon bai dace ba, wani kaso na ƙarfin yakan dawo cikin rediyo maimakon ya fita, har rediyon ya rage ƙarfinsa da kansa don kada ya ƙone. Akwai ma'aunin da ke nuna yawan abin da ya dawo. Masu haɗa eriya sukan yanka wayar ta ɗan fi lissafi tsawo, su kafa ta, su auna, su rage santimita kaɗan, su sake aunawa. Tela ma haka yake yi, domin ragewa ta fi ƙari sauƙi.

ABIN DA KE CIKIN ƘUNSHIN

Wasu suna sayen kayan eriyar a ƙunshi ɗaya su haɗa da kansu a gida, wasu su saye ta a haɗe, wasu kuma su tattara komai daga tarkacen da suke da shi. Richard Newstead da muka ambata ya kafa kamfani a Ingila mai suna SOTABEAMS don sayar da irin waɗannan kaya. Ga abin da aka saba samu a ciki.

Na farko, siririyar waya ta jan ƙarfe mai rigar roba. Da yake wat 5 ne kawai zai bi ta cikinta, ba ta buƙatar kauri. Sau da yawa launinta rawaya ne ko ruwan lemo, don kada sauran masu yawo a dutsen su yi tuntuɓe da ita.

Na biyu, sanda. A saman dogayen duwatsun Birtaniya babu bishiya, sai ciyawa da tsakuwa. Saboda haka suka ari sandar masu kamun kifi, irin wadda ake zarowa gaɓa-gaɓa kamar eriyar rediyonmu. A miƙe takan kai mita 6 ko 7, a haɗe kuma kusan mita 1 ce ko ƙasa da haka. An fi son wadda aka yi da zaren gilashi, domin lantarki ba ya bin ta.

Na uku, siririn kebul, ƙanen wanda ke haɗa dish da talabijin. Wanda suka fi ɗauka ana kiransa RG-174, kaurinsa bai kai milimita 3 ba. Yana da sauƙin ɗauka, amma yana shan ƙarfi a hanya fiye da mai kauri. Don haka ba sa barinsa ya yi tsawon da ya wuce buƙata.

Na huɗu, ƙananan kaya: faifan roba na nannaɗe waya don kada ta harɗe, zaren nailan da turaku na ɗaure sanda, da 'yan maƙalai masu baki kamar na kada. Yawanci duk eriyar, ban da sanda, ba ta kai kilo ɗaya ba.

Wajen kafawa, ana maƙala tsakiyar wayar kusa da kan sandar, a ja hannu biyun su gangaro gefe da gefe, a ɗaure ƙarshensu da zare a turke. Siffarta takan zama kamar harafin V da aka kifar. Amfanin wannan siffa shi ne sanda ɗaya ta wadatar, kuma wayar da kanta tana taimakawa wajen riƙe sandar idan iska ta taso.

DABARU HUƊU

Dabara ta farko ita ce eriya mai mahaɗi. Maimakon mutum ya ɗauki eriya uku don zango uku, sai ya ɗauki ɗaya. Ku sake duba lissafinmu na sama: mita 5, mita 7, mita 10. A kowane hannu ana sa waya mai mita 5, sai ɗan guntun roba, sai ƙarin mita 2, sai wani robar, sai ƙarin mita 3. A kowane roba akwai maƙali mai bakin kada. Idan an bar maƙalan a buɗe, lantarki yana ganin mita 5 ne kawai, eriyar ta zama ta zangon mita 20. Idan an haɗa na farko ta zama ta mita 30. Idan an haɗa duka ta zama ta mita 40. Wahalarta ɗaya ce: duk lokacin da za a canza zango sai an tashi an sauke waya, ko da sanyi ya kama yatsu.

Dabara ta biyu ita ce a haɗa rediyo a ƙarshen wayar maimakon tsakiya. Wannan yana rage kebul, domin ƙarshen wayar yana iya saukowa kusa da inda mutum yake zaune. Amma akwai cikas. An ƙera rediyo ya yi aiki da turjiya ta om 50, ƙarshen wayar kuwa turjiyarsa wajen om 2,500 ce. Sai a sa ɗan taransifoma a tsakani, wanda bai fi akwatin ashana girma ba. Zobe ne na wani baƙin abu da ake kira farait, irin baƙar sandar da ke cikin rediyonmu na gida, an nannaɗa masa waya sau 2 a gefe ɗaya da sau 14 a ɗayan. Raba 14 da 2, ka samu 7. Ninka 7 da 7, ka samu 49. Ninka 49 da 50, ka samu 2,450. Shi ke nan an daidaita. Wani abin daɗi kuma, waya mai mita 20 da aka haɗa ta haka tana aiki a megahaz 7, 14, 21 da 28 ba tare da an taɓa ta ba, domin duk ninkin 7 ne.

Dabara ta uku ita ce eriya a tsaye. Idan saman dutsen ƙarami ne ko mutane sun cika shi, ba wurin shimfiɗa mita 20. Sai a ɗora waya mai mita 5 a jikin sandar daga ƙasa zuwa sama, a shimfiɗa wasu wayoyi a ƙasa kewaye da ita. Akwai ma gajeru ƙwarai waɗanda ake sa musu naɗaɗɗiyar waya don ta cike gurbin tsawon da aka rage. Suna da saurin kafawa, amma wani kaso na ƙarfin yana zama zafi a cikin naɗin. Duk abin da aka samu a sauƙi, an biya shi a nisa.

Dabara ta huɗu ta zangon mita 2 ce. Da yake igiyar gajera ce, ana iya yin eriya mai haƙarƙari, irin ta talabijin da muke gani a kan rufin gidaje. Sunanta Yagi. Wasu masana biyu 'yan Japan, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, suka ƙirƙiro ta a 1926. Tana tattara ƙarfi ta tura shi gefe ɗaya, kamar yadda madubin tocila yake yi wa haske. Masu hawa dutse suna yin tasu da bututun roba da siraran sandunan alminiyon da ake cirewa a zuba cikin bututun. Wasu ma da tef ɗin awo na ƙarfe irin na kafinta suke yin haƙarƙarin, domin yana lanƙwashewa ya shiga jaka, idan an sake shi ya miƙe.

YAYA WAT 5 KE TSALLAKA TEKU?

Mun ce igiyoyi irin na FM suna tsayawa kusa da iyakar hangen ido. Na gajeren zango suna da wata hanyar. Can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita, hasken rana yana sa iska ta ɗauki lantarki. Ana kiran wannan yanki ayonosfiya. Idan igiyar gajeren zango ta isa can, sai ta lanƙwaso ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Tsalle ɗaya yana iya kai kilomita 3,000 zuwa 4,000, kuma tana iya sake tashi ta yi na biyu. Edward Appleton na Ingila ya tabbatar da wannan yanki da gwaji a 1924, aka ba shi kyautar Nobel a 1947. Ta wannan hanya mai wat 5 a kan dutsen Wales yake magana da Jamus ko Sifen, wani lokaci har Amurka. Ta nan kuma tashoshin ƙetare suke iso wa rediyon gidanmu. Yankin yana canzawa tsakanin rana da dare, shi ya sa tashoshin suke canza mita tsakanin shirin safe, na rana da na dare, shi ya sa kuma mai hawa dutse yake son eriya mai zango fiye da ɗaya.

Da yawa daga cikinsu ba sa magana da baki, sai da harshen Mos, wato gajere da dogon sauti. Kunne yana iya tsinto shi a cikin ƙara ko da murya ta ɓace, kuma rediyonsa yana iya zama ƙarami har ya shiga aljihu. Guglielmo Marconi ɗan Italiya ya ba da sanarwar cewa ranar 12 ga Disamba, 1901, ya ji harafin S na Mos, gajeren sauti uku, an aiko shi daga Poldhu a Ingila, shi kuma yana kan wani tudu mai suna Signal Hill a Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada. Eriyarsa a ranar doguwar waya ce da ya ɗaga sama da abin wasan nan mai tashi a iska da ake riƙewa da zare.

GARGAƊI, DON ALLAH A KARANTA

Doguwar sanda da waya a wuri mafi tsayi, ai gayyatar tsawa ce. Masu wannan wasa suna duba hasashen yanayi kafin su fita. Da zarar sun ji rugugin hadari ko suka ga walƙiya, sai su sauke sanda su gangara, ko da saura tasha ɗaya su cika huɗu. Dutsen yana nan gobe.

Mu ma akwai abin da ya shafe mu. Idan za mu ƙara wa rediyon gida waya don sauraro, kada mu kuskura mu jefa ta a kan wayar lantarki, ko kusa da ita, ko a ƙarƙashinta, ko da an ɗauke wuta, domin ba a san lokacin da za a dawo da ita ba. Kada mu hau rufi ko falwaya. Da damina, idan hadari ya haɗo, a cire wayar daga jikin rediyo a bar ta a waje. Sannan a nemi izinin manya kafin a fara. Sauraro ba ya buƙatar lasisi, amma aika magana ba tare da lasisi ba laifi ne, kuma yana iya shiga layin jiragen sama ko na masu ceto. Rigakafi ya fi magani.

MECE CE RIBAR?

Wani zai ce wannan wasan masu hutu ne. Amma mutumin da ya iya kafa tasha cikin minti goma da batir da waya, ba tare da wutar gari ko sabis ɗin waya ba, yana da amfani ranar da komai ya tsaya. Lokacin da igiyar ruwa ta tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya a Disamban 2004, 'yan rediyon sha'awa da suke can sun isar da saƙonni bayan layukan waya sun katse. Haka aka yi a girgizar ƙasar Nepal ta 2015, da guguwar Maria da ta ruguza Puerto Rico a 2017.

Mu kuma ɗalibai, ku lura da abin da aka yi amfani da shi a duk wannan bayani: rabawa, ninkawa da sukwaya rut. Duk mun yi su a aji. Wanda ya raba 143 da 14.2 daidai, Jamus za ta ji shi. Wanda ya yi kuskuren lissafin, ya hau dutsen awa uku a banza.

TAMBAYOYIN WANNAN FITOWA

1. Wata tashar FM tana kan megahaz 90. Mita nawa ne tsawon igiyarta?
2. Za a yanka eriya mai hannu biyu ta megahaz 21.2. Mita nawa ne tsawonta duka, kuma nawa ne kowane hannu?
3. Mutum yana kan dutse mai tsayin mita 400 a tsakiyar fili. Kilomita nawa ce iyakar rediyonsa a zangon mita 2?
4. Ta manyan aji: Chappal Waddi a Jihar Taraba shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419. Ku yi masa lissafin da muka yi wa Ben Nevis, ku faɗa mana wanne ya fi nisa da kilomita nawa.

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Dole a nuna yadda aka yi lissafin. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba in sha Allahu. Muna kuma roƙon malamanmu na lissafi da na kimiyya su taimaka mana wajen duba amsoshin. Don Allah kada a yaga takardar nan, a bar wasu su ma su karanta.